Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa

  

Akwai wani abu da duk mai lura ya sha gani a ƙasar Zamfara, ko a tashar mota ta Gusau, ko a teburin mai shayi a Tsafe, ko a ƙofar gida a Bungudu bayan sallar isha'i. Mutane na zaune ana taɗin duniya, sai a ji kotso ya tashi daga akwatin rediyo ko daga wayar wani saurayi, muryar marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ta biyo baya da waƙarsa ta 'Yandoton Tsafe Aliyu, wadda jama'a suka fi sani da Shirya Kayan Faɗa. Nan da nan sai hira ta mutu. Dattijon da ke gardama a kan tsadar taki ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, yana kaɗa yatsa a kan gwiwarsa har waƙar ta ƙare. In aka matsa masa da tambayar abin da ya same shi, da wuya a ji ya ambaci sarauta. Amsar da aka fi ji ita ce, waƙar ta tuna masa da mahaifinsa.

A zahiri abin da mamaki, domin waƙar ta fada ce. An yi ta tun zamanin En'e, sa'ad da Tsafe take cikin lardin Sakkwato, don a yabi basarake, a zuga shi, a yi wa mahassadansa habaici, kamar yadda makaɗan fada suka saba. Amma wanda ya kasa kunne sosai zai ga ƙofar da uba ya shigo ta cikinta. Makaɗin bai tsaya ga kiran 'Yandoto da sarautarsa kaɗai ba. Ya ɗauke shi a matsayin mai gidan garin, ya jingina shi ga sunan mahaifinsa, ya kuma nuna shi mutum ne wanda ba a kawo wa reni. To, waɗannan su ne siffofin da Bahaushe ya san uba da su. Talakan da ke sauraro wataƙila bai taɓa taka zauren fada ba, amma ya tashi a gidan da yake da mai gida, wanda in ya yi gyaran murya a zaure kowa ya shiga taitayinsa. Saboda haka ana yabon 'Yandoto, shi kuwa hankalinsa yana can ga tsohon da ya rene shi.

Shi kansa mai waƙar ɗan gado ne, bai tsinci kiɗa a hanya ba. An haifi Musa a Bakura wajen shekarar 1909, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne wanda ya yi kiɗan noma, ya kuma yi wa gidan sarautar Maradun hidima. A gaban wannan uba Musa ya koyi amshi tun yana ƙarami, har zaƙin muryarsa ya jawo masa laƙabin Ɗanƙwairo, daga sunan wani yaron mahaifinsa da ake kira Ƙwairo. Da uban ya kau, wansa Abdu Kurna ya ja ragamar ƙungiya, Musa yana biye da shi, bai yi gaggawar raba gari ba sai da lokacinsa ya yi. Daga bisani sunansa ya cika Arewa, ya waƙe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da manyan sarakuna, har ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba. Watau muryar da ake ji a faifan nan murya ce ta mutumin da ya zauna a gaban uba, ya bi yaya, kana ya bar wa 'ya'ya. Ba mamaki in ƙanshin gida yana tashi daga waƙarsa.

Haka al'amarin yake ga sauran manyan makaɗan wannan yanki. Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bungudu, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku har ya rasu a 1973, da Ibrahim Narambaɗa na fadar Sarkin Gobir na Isa, da Sa'idu Faru, dukansu ba sa cika yabon mutum sai sun ce ɗan wane ne, jikan wane. A wurinsu mutum shi kaɗai bai isa waƙa ba, sai an ɗora shi a kan kafaɗar iyayensa. Wannan kuwa ba ƙa'idar makaɗa ce kurum ba, ƙa'idar zaman Hausawa ce baki ɗaya. Uba ne ke yanka rago ran suna. Da sunansa ake rubuta yaro a makaranta, da shi ake kiran mutum a gaban alƙali, shi ne kuma waliyyi ran ɗaurin aure.

Amma a nan akwai wani sirri da ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba. Duk da wannan nauyi na sunan uba, ɗa Bahaushe ba ya faɗar sunan ubansa. Ko jikan da aka raɗa wa sunan sai a sakaya a ce masa Abba ko Baba, don kada bakin 'yan gida ya taɓa sunan mai gida. Uban ma haka, yana jin kunyar ɗansa na fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi sai ya kau da kai kamar bai ji ba. Mutum biyu ke nan a gida ɗaya, kowa yana ƙaunar ɗan'uwansa, amma alkunya ta ɗaure musu harshe. Sai su yi shekara arba'in tare, su yi noma a gona ɗaya, su yi sallah a sahu ɗaya, uba bai taɓa ce wa ɗa ya yi alfahari da shi ba, ɗa bai taɓa buɗe baki ya yabi uba a gabansa ba. Makaɗi shi kaɗai al'ada ta yarje wa ya ɗaga murya a bainar jama'a ya kira mutum da sunan mahaifinsa. Don haka in dattijo ya ji Ɗanƙwairo yana haɗa sunan ɗa da na uba cikin zuga da girmamawa, sai ya ji an faɗi abin da shi kunya ta hana shi faɗi har aka kai tsohonsa kushewa. Daga nan ƙwallar take fitowa.

Abin da kowa yake tunawa kuwa ya danganta ga inda ya tashi. Mutumin ƙauyukan Tsafe yakan tuna gandu. Yakan tuna asubar damina, uba a gaba da hauya a kafaɗa, 'ya'ya da ƙanne a baya, a yi aikin gandu har rana ta take, kana kowa ya nufi gayaunarsa. Yakan tuna ranar gayya, makaɗan noma suna bin kunya-kunya suna zuga samari, da ranar da aka ƙirga damuna aka cika rumbu, uba ya fid da zakka, ya ware na haraji, ya kulle saura, ba mai buɗewa sai da izininsa. A gandu uba shi ne mai ciyarwa, shi ke biyan harajin kowa, shi ke yi wa saurayi auren fari. Nauyi ne babba, kuma yara ba su gane girmansa ba sai da ya sauka a wuyansu.

Mutumin Gusau tunaninsa dabam ne. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa garin ta kai Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama kasuwar gyaɗa da auduga, iyaye da yawa suka zama 'yan kanti, da leburori, da ma'aikatan injin gurzar auduga, daga baya kuma na masaƙa. Ɗan irin wannan gida yakan tuna ranar da uba ya shigo da akwatin rediyo, aka yi masa riga ta yadi, aka rataye shi a ƙusa inda hannun yaro ba ya kai. Bayan da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryoyin makaɗan fada suka riƙa shiga gidajen da ba su taɓa ganin su ido da ido ba. Uba na kishingiɗe a tabarma, ya murɗa rediyo, yaro na gefe yana jiran a miƙo masa sauran tuwo a akushi. Wannan ragowar da uba yake bari da gangan, ita ce kalmar ƙauna da bakinsa bai iya furtawa ba. Mutumin Bungudu da Kwatarkwashi kuwa sau da yawa abin da yake faɗo masa shi ne ranar kasuwa, da tafiya a bayan keken uba, ko a bi jaki da kaya, a dawo da yamma da ƙuli-ƙuli ko rake a aljihun babbar riga. Mata ma ba a bar su a baya ba. Tsohuwa takan tuna daren da za a kai ta ɗaki, aka durƙusar da ita a gaban uba, ya yi mata nasiha da kalmomi kaɗan, ya sa mata albarka, ya tashi da sauri ya fita don kada a ga idonsa.

Gaskiya kuwa ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Ba kowane mai sauraro ne waƙar take sa wa sanyi a zuciya ba. Akwai wanda ubansa ya saki uwarsa ya manta da su. Akwai wanda aka ɗora a mota da allo da ƙoƙo yana ɗan shekara shida, ba a sake leƙa shi ba sai da gemu ya fito masa. Akwai wadda aka aurar ba da sonta ba don ana jin nauyin aboki. Irin waɗannan in sun ji ana yabon mai gida, abin da suke ji shi ne ciwon abin da ba su samu ba. Kada a ce musu sun yi butulci. Ai yabon makaɗi ma'auni ne, kuma bashi ne a kan wanda aka yaba. In an ce mutum ba a rena shi, to, wajibi ne ya zama ya tsare abin da zai hana a rena shi, watau ci da sha da sutura da tarbiyyar waɗanda ke ƙarƙashinsa. Uban da ya karɓi girma ya ƙi ɗaukar nauyi, waƙar nan ba tasa ba ce, shaida ce a kansa.

Wasu malamai za su ce me ya kai shafi irin wannan ga zancen kiɗa, alhali tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo malamai suke gargaɗi a kan shagala da roƙo da yabon da ya wuce kima. Maganarsu tana da tushe, kuma ba wanda ya ce duk abin da makaɗi ya faɗa gaskiya ne. Sai dai abin dubawa a nan shi ne inda waƙar take kai mai sauraro. In ta sa mutum ya tuna mahaifinsa ya yi masa addu'a, ya tashi ya ziyarci baffansa, ya biya bashin da tsohon ya bari, to, ta kai shi ga abin da Alƙur'ani ya yi umurni da shi na kyautata wa iyaye. Littafi mai tsarki ya kawo wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa, da haƙurin Annabi Yaƙubu a kan rabuwa da Yusufu, don a san cewa tsakanin uba da ɗa al'amari ne da Allah ya girmama. Wanda waƙa ta tuna masa da wannan, sai a ce ya ƙarasa da aiki.

To, dalilin da ya sa aka ɗauko wannan zance yau ba marmarin jiya ba ne kawai. Dattijon da ke sunkuyar da kai yana da abin tunawa. Tambayar ita ce, yaron Zamfara da aka haifa cikin shekarun nan, me zai tuna in ya ji wannan waƙa bayan shekara talatin? Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019, a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar, ya ba da rahoto cewa daga 2011 zuwa 2019 ta'asar 'yan bindiga ta bar mata 4,983 cikin takaba, da yara 25,050 cikin maraici, ta kuma raba mutum 190,340 da gidajensu. Bayan wannan ƙidaya ma wutar ba ta mutu ba. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Satumba na wannan shekara aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a Ƙaya ta ƙasar Maradun, watau ƙasar da gidan su Ɗanƙwairo ya yi wa kiɗa, har aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya a jihar na wani lokaci. A watan Afrilu na 2023 aka sace mutum wajen 80, yawancinsu mata da yara, a Wanzamai ta ƙasar Tsafe.

Kowane ɗaya cikin waɗannan lambobi gida ne da aka girgiza ginshiƙinsa. Wani uban an kashe shi a gona da hauya a hannu. Wani yana raye amma an karya shi, ya sayar da shanun noma da gonar gado ya fanshi ɗansa, ya dawo ba shi da abin ciyar da wanda ya fansa. Wani ya bar rumbunansa ya gudo Gusau, mutumin da a da yake ciyar da bakuna ashirin, aka wayi gari yana layin karɓar tallafi, 'ya'yansa suna kallonsa. Wace irin siffa ta mai gida wannan yaro zai riƙe a ransa? Kuma kada a manta, yaran da ke cikin daji riƙe da bindiga su ma 'ya'yan wasu ne. Da yawa cikinsu sun tashi ba makaranta, ba garke, ba babban da zai tsawata musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda kuwa ba a tanƙwara ba, wata rana shi zai tsone idon gari.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Na farko yana kan dangi. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma a al'adarsa ƙanen uba da wan uba duk uba ne, ba a bambanta su ko a wurin kira. Baffan da ɗan'uwansa ya rasu ya bar yara, ya sani shi ne mai gidansu yanzu. Ya jawo su zaurensa, ya sa su makaranta tare da nasa, ya tsare musu gonar ubansu har su mallaki hankalinsu. Cin dukiyar maraya yana daga manyan zunubai masu halakarwa, Manzon Allah kuma ya yi wa mai renon maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna kamar kusancin yatsu biyu. Abin kunya ne mutum ya zub da hawaye don tsohuwar waƙa ta tuna masa da ubansa, alhali marayun ƙanensa suna bara a bakin tasha.

Na biyu yana kan sarakuna da hukuma. Sarkin Katsinan Gusau, da 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Fulanin Bungudu, iyayen ƙasa ake ce musu, kuma makaɗa sun daɗe suna kiran gidajensu da wannan suna. Ya kamata kowane hakimi da dagaci da mai unguwa ya san adadin marayun da ke ƙasarsa, da sunan wanda ke riƙe da kowane ɗaya, da abin da uban ya bari, a rubuta a ajiye. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta bi wannan rubutu wajen rabo, kuma ta fifita karatu da koyon sana'a a kan kayan sallah na rana ɗaya. Sama da duk wannan, hakkin gwamnati ne ta tsare hanya da gona. Babu taimakon da ya kai a bar uba ya je gonarsa ya dawo lafiya, ya ciyar da iyalinsa da guminsa.

Na uku yana kan masu ilmi da gidajen rediyo. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi ƙoƙari wajen rubuta tarihin makaɗan wannan yanki da nazarin waƙoƙinsu, Allah ya saka musu. Amma faifai da kaset ba sa jure zafi da ƙura, tsofaffin da suka san dalilin kowane habaici kuma kullum raguwa suke yi. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tare da gidajen rediyon jihar, sun isa su tattara abin da ya rage a hannun mutane, su mai da shi cikin kwamfuta, su kuma zauna da dattawan Tsafe da Rawayya da Maradun su ɗauki bayaninsu tun suna da rai. Yaron da bai ga gandu ba, ko ba kome ya ji labarinsa daga bakin wanda ya yi aiki a cikinsa.

Na ƙarshe yana kan iyayen da Allah ya bari da 'ya'yansu. Alkunya abu ce mai kyau, amma kada ta zama katanga. Zamani ya juya, yaro yana da waya a hannu, masu yi masa magana sun yi yawa, in uba ya yi shiru wani ne zai cika wurin. Ya kamata mai gida ya zauna da 'ya'yansa maza da mata, ya gaya musu sunan kakanninsu da sana'arsu da inda suka fito, ya tafi da su gona ko rumfa, ya sa musu albarka da baki a kan kunnensu. Shi kuma ɗan da tsohonsa yake raye, kada ya jira sai kotso ya tuna masa. Hanyar Tsafe ko ta Bungudu ba ta kai nisan kabari ba.

Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma sai uba ya rayu, ya kuma bar abin gado. Allah ya jiƙan iyayen da suka rigaya, ya jiƙan Ɗanƙwairo da Jankiɗi da sauran magabata, ya raya marayu, ya mai da waɗanda aka kora gidajensu, ya ba ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya lafiya da zama lafiya. Amin.